Yabon gwani ya zama dole, amma da wane baki?

A kwalejojin da 'ya'yanmu ke shiga a nan, irin su Montgomery College da Northern Virginia Community College, akwai darasin koyon magana a gaban jama'a. A ciki akan ce wa ɗalibi ya tashi ya yabi wani mutum cikin 'yan mintuna. Namu sukan zaɓi mahaifiya, ko kakan da ke Kano ko Maraɗi, sai ka ji an jero: mai haƙuri ce, mai kirki ce, mai tsoron Allah ce. Duk gaskiya ne. To amma wace uwa ce ba za a faɗa wa haka ba?

Mai neman abin koyi ya saurari jawabin Barack Obama a jana'izar Sanata John McCain, a cocin Washington National Cathedral, ran 1 ga Satumba 2018. Yana nan a YouTube. McCain da kansa, kafin ya rasu, ya nemi mutum biyu da suka kayar da shi su yi magana: George W. Bush da ya hana shi takarar jam'iyya a 2000, da Obama da ya doke shi a zaɓen 2008.

Obama bai ɓoye saɓaninsu ba. Ya ce mamacin yana da zafin rai, kuma ba ya jin nauyin gaya masa ya yi kuskure, kusan kullum. Jama'a suka yi dariya, ga gawa a gabansu. Sannan ya ba da labarin yadda McCain kan zo Fadar White House su keɓe su biyu, su yi hirar iyali da ta ƙasa, su yi gardama, su rabu ba wanda ya ja wani, ba kuma wanda ya fita ya tallata. A nan ƙarfin jawabin yake. Tunda ka ji aibin daga bakinsa, in ya zo yabo ba ka da dalilin ƙaryata shi.

Inda ya yi rauni a ganina shi ne da ya koma kan lalacewar siyasar Amurka. Kowa ya san Donald Trump, wanda ba a gayyata ba, ake yi wa habaici. Hankali ya bar mai gawa ya koma kan wanda ba ya wurin. Ɗalibi mai minti biyar kada ma ya gwada.

Mu fa ba baƙin yabo ba ne. Mamman Shata in ya ɗauki mutum sai ya kira garinsu, da ubansa, da sana'arsa, da kyautar da ya yi. Sai dai maroƙi bare ne. Ɗa ba ya kiran sunan ubansa, balle ya tsaya cikin taro yana wasa shi, ga malamar aji kuma tana ba da maki a kan kallon mutane ido cikin ido. Kunya ce ke tura yaranmu bayan waɗancan kalmomi uku, ba ƙarancin Turanci ba.

Ban ce yarinya ta tashi gaban baƙi ta ce Mama masifaffiya ce ba, wannan sai Obama. Aiki guda za ta faɗa, da lokacinsa da wurinsa: shekarar da aka sayar da awarwaron zinariya aka biya kuɗin makaranta, ko tuyar ƙosai tun asuba cikin hunturu. Haƙurin zai fito da kansa ko ba a ambace shi ba.

Wahalar ita ce yaron da aka haifa a Silver Spring bai san waɗannan labarai ba, don mu iyaye ba ma faɗa, muna ganin kamar gori ne ko tonon asiri. In ya zo da takardarsa yana cewa, "Baba, wai me Kaka ta taɓa yi?", kada a sallame shi da "Allah Ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce." A zaunar da shi, in ta kama a kira Gwaggo a WhatsApp ta cike sauran.