Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo: Tarihi ko Adabi?

Gabatarwa

Idan aka yi zancen littafin da kwamandan yaƙi ya rubuta game da kansa, hankalinmu yakan tafi ga My Command na Janar Obasanjo, wanda ya fito a 1980. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa ƙasar Hausa ta daɗe da sanin irin wannan rubutu, kuma mu auna darajarsa.

Zubin Littafin

Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu, shi ne ya ja rundunar jama'a a Tafkin Kwatto a 1804, inda aka karya Yunfa Sarkin Gobir. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci, ya sa wa kowace bayani a zube game da dalilin yin ta. Mervyn Hiskett ya buga littafin da fassarar Ingilishi a Ibadan a 1963.

Wannan zubi shi ne ƙarfin littafin ta fuskar adabi, domin murya biyu muke ji. Akwai ta mayaƙi wanda ya yi waƙa ƙura ba ta lafa ba, har yana kwatanta Kwatto da Badar, akwai kuma ta malami wanda ya waiwaya bayan shekaru. Da aka sha kashi a Alwasa a 1805, sai kirari ya koma makoki. A 1807 kuwa ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano, yana zargin waɗansu mutanensa da son mulki da tara dukiya. Ba kasafai jagora yakan tona aibin rundunarsa haka ba.

Darajarsa ga Tarihi

Sai dai wajibi ne mu yi hattara. Malam Abdullahi ya ari ƙirar tsohuwar ƙasidar Larabawa, wadda ta yarda da kambamawa, don haka ba kowane baiti ne za a ɗauka a matsayin hujja ba. Bugu da ƙari, ba mu ji ta bakin Gobirawa ba. Mai neman jerin yaƙe-yaƙe, musamman na ƙasar Katsina da Ummarun Dallaji, gara ya duba Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello (1812), ya haɗa da binciken Yusufu Bala Usman na 1981.

Kammalawa

A ganinmu, kuskure ne a bar Tazyin ga sashen Larabci kaɗai. Infaƙ yana gaya mana yadda aka ci yaƙi, Tazyin kuwa yana gaya mana abin da nasara ta jawo wa waɗanda suka ci. Ɗalibin da aka koya wa na farko aka ɓoye masa na biyu, rabin labarin jihadi aka ba shi.