Atamfar ƙasan adaka

A gidaje da yawa na Gusau, Tsafe da Bungudu akwai turmin atamfar da tela bai taɓa gani ba. Yana ƙasan adaka tun lefen uwargida, da ƙwayoyin kafur a tsakanin ninkinsa saboda asu. Sai ranar auren 'ya ko rabon gado yake fitowa, mata su shafa shi da tafin hannu su ce yanzu ba a yin irinsa.

Gaskiya suka faɗa. Audugar wannan yanki ce ta sa aka kafa injin gurza a Gusau, kusa da layin dogon da ya isa Ƙauran Namoda a 1929, daga baya masaƙar Zamfara ta biyo. Masaƙar ta tsaya a farkon shekarun 2000. A Kaduna, masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL mai buga atamfa ta dakata a 2007, bayan rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri sun ci ƙarfinsu.

Akan ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ban yarda tsufa ne ya ba wannan zani daraja ba. Atamfa ba ta ƙara kyau a adaka, wani lokaci ma layin ninki kan ci ta. Darajarta daga mutuwar masaƙa ta fito: duk turmin da aka yanka, babu mai maye gurbinsa.

Turawa sun daɗe da gane wannan lissafi, a kan abin da addininmu ya haramta, wanda dokar Zamfara ma ta hana sayarwa tun 2000. A tsibirin Islay na Sikotilan an rufe masana'antar wiski ta Port Ellen a 1983. Gangunan da suka rage suka ci gaba da tsumuwa, kowace shekara kusan kashi 2 cikin 100 na bin iska, har kwalba ɗaya ta kai dubban fam a gwanjo. Barasar ba ta dame ni ba. Abin da na tsaya a kansa shi ne shaida: kwalbar tana ɗauke da sunan masana'anta da shekarar da aka zuba a ganga, sau da yawa har da lambar gangar.

Mu shaidarmu tana bakin tsohuwa. Ita ta san sunan yayin, da kantin da aka sayo shi, da wanda ya kawo akwatin. Idan ta rasu, jikarta ba za ta iya bambance turmin da kwaikwayon Sin da ya cika kasuwar Gusau ba, domin masu kwaikwayo har tambari suna kwafa. Rubutacciyar shaida ɗaya ce ta rage, wato sunan masaƙa da lambar zane da ke gefen zanin. Wannan gefen kuwa shi tela yake fara datsewa da almakashi, da yamma yaron shago ya share shi tare da sauran ƙyallaye.