Furofofol ko Sebofuluren? Sharhi a kan Hujjojin Masu Bincike

Manufar wannan takarda ita ce auna wani ra'ayi da ya bazu a tsakanin masu sa majiyyaci barci, watau cewa furofofol ya fi sebofuluren kare ƙwaƙwalwa a tiyatar huda ciki.

Tun da Erich Mühe ya cire matsarmama ta wannan hanya a Jamus cikin 1985, aikin ya yaɗu ƙwarai. Akan hura iskar kabon a ciki har matsinta ya kai milimita 12 zuwa 15 na zaiba, a wasu ayyukan kuma a karkata majiyyaci kansa ya yi ƙasa. Abubuwan nan biyu suna rage komawar jini daga kai, iskar da jiki ya tsotse kuma tana buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai matsi ya hau a ƙoƙon kai. Furofofol yana tsuke waɗannan jijiyoyi, sebofuluren kuwa yana ƙara buɗe su gwargwadon yawansa. Har nan babu gardama.

Gardamar tana wajen awo. Galibin masu binciken ba su auna matsin kai tsaye ba, faɗin kuben jijiyar gani suka duba da na'urar hoton sauti, milimita 3 a bayan ƙwayar ido. Bambancin da sukan samu tsakanin magungunan biyu bai kai milimita guda ba, hannun mai awo ma yana iya kawo kusan irinsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Haka batun oksijin yake. Na'urar hasken da ake mannawa a goshi, wadda tushenta aikin Jöbsis ne na 1977, tana haɗawa da jinin fatar kai. In ta nuna adadi mai yawa a ƙarƙashin sebofuluren, mai yiwuwa jini ne kawai ya wuce bukata.

Babban rauni shi ne akan tsame masu ƙari ko ruwa a kai daga binciken, alhali su ne ke cikin hatsari.

A ganina, furofofol zaɓi ne na hankali ga irin waɗannan majiyyata, bisa sanin yadda yake aiki. Amma ga mai lafiyayyar ƙwaƙwalwa, kula da iskar kabon a jini, da rage matsin ciki, da taƙaita karkatar kai sun fi sunan magani muhimmanci. Hujjar da za ta raba gardama ita ce halin da majiyyaci ya farka a ciki.