Mudu Biyu: Shaihu Umar da Kukan da Muke Zaɓar Yi

A daren da 'yan kallo suka yi wa Vinicius Junior kukan biri a filin wasan Valencia, cikin watan Mayun 2023, ina zaune a wani gidan kallon ƙwallo a Jega. Wurin ya kaure da Allah wadai. Wani matashi da ke gabana ya miƙe yana cewa Turawa ba za su taɓa ɗaukar baƙar fata mutum ba. Ba a yi minti goma ba, yaro mai tallan ruwan leda ya taka masa ƙafa, sai ya daka masa tsawa ya ce, "Kai, baƙin bawa, ba ka gani ne?" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Sai a kan babur, ina komawa Fagada, dariyar ta tsaya mini a rai.

Abin da ya sa na sake ɗauko Shaihu Umar ke nan, littafin da na karanta a sakandare don cin jarrabawa kawai. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta a Bauchi, don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim. An saba gabatar da shi a matsayin littafin da ya nuna munin bauta, kuma haka ne. Umar yaro ne da aka sace, ya bi hannu daban-daban har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetara Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta sha wuya har Tarabulus, kuma ba ta daɗe da ganin ɗanta ba rai ya yi halinsa. Wanda ya karanta wannan ɓangare bai ji komai ba, to ya binciki zuciyarsa.

Amma a wannan karatu na biyu, farkon littafin ne ya tsayar da ni. Makau, mijin uwar Umar, bafade ne a Kagara, kuma labarin ya motsa ne daga harin kamun bayi da sarki ya tura fadawansa ƙasar Gwari. Zaluncin da aka nuna mana a nan shi ne sharrin da fadawa suka ƙulla wa Makau, cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, har aka kore shi daga gari. Mai karatu yana tausayin Makau, mutumin kirki da hassada ta kayar. Manoman da aka kamo a gonakinsu fa? Ba su da suna, ba a ji muryarsu ba, ba a bi sawun uwa ko ɗaya daga cikinsu ba. Lissafi ne kawai da ake gardama a kansa a fada.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma muna da wata hanya mai sauƙi ta gano kuskure. Ka ba manhaja bayanai iri ɗaya sau biyu, ka sauya abu ɗaya tak wanda bai kamata ya shafi sakamako ba. In sakamakon ya sauya, akwai matsala a ciki. A gwada wannan a kan littafin. Ga uwa an raba ta da ɗanta, an ɗaure ta, an kai ta kasuwa. In Musulma ce 'yar Fatika, labarin ya ba ta babi-babi da hawayenmu. In Bagwariya ce, ya wuce ta a layi ɗaya. Abin da aka yi musu ɗaya ne, asalinsu ne ya bambanta. Ashe abin da littafin ya koya mana mu ƙi shi ne bautar da wanda bai cancanta ba, kuma a cikin wannan kalma, cancanta, matsalar take.

Wani zai ce Shaihu Umar ne ke ba da labarin da bakinsa, mutumin ƙarni na 19, ba za a sa ran ya yi magana kamar ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam ba. Na yarda, har ma ina ganin wannan daga cikin ƙarfin littafin ne, domin bai yi wa zamanin kwalliya ba. Ɓalewa ya rubuta shi ne tun kafin dokar 1936 ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa, lokacin da waɗanda aka kama a irin waɗannan hare-hare suke raye a gidajen mutane. Kuma shi ne dai mutumin da, yana Firayim Minista, ya kasance cikin shugabannin da suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba kan wariyar launin fata har ta fice daga ƙungiyar Commonwealth a 1961. Ba shi nake tuhuma ba. Mu nake tuhuma, da muka shafe shekara casa'in muna koyar da littafin a aji, muna tambayar ɗalibai halayen Makau da darasin haƙuri, ba mu taɓa tambayarsu sunan wanda Makau ya kamo ba.

Wannan mudu biyu ya girmi littafin. A 1615 Ahmad Baba na Timbuktu, wanda shi kansa sojojin Maroko suka taɓa kwashe shi zuwa Marrakesh, ya rubuta Mi'irajus Su'ud yana amsa tambayar 'yan kasuwar Sahara kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙaƙe. Ya ƙi amincewa da cewa baƙar fata alamar bauta ce, ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Wannan jarumta ce a zamaninsa. Sai dai ya bar wasu al'ummu a ɗaya gefen layin. Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin labarin. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, ta kwashe almajiransa a ɗaure, ta bi da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Daga nan aka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Ɗan Abdussalami, Buhari, shi ya kafa Jega. Wato garin da aka kira yaro baƙin bawa a gabana, garin zuriyar waɗanda aka taɓa ja a igiya ne. An fusata don an ɗaure Gimbanawa, amma kasuwannin bayi sun ci gaba da ci shekara ɗari bayan haka, da 'ya'yan wasu.

Yanzu a duba abin da ke cikin wayoyinmu. Ina karanta littattafan soyayya na intanet, kuma akwai marubuta mata a cikinsu da suka fi tsofaffin littattafai iya kama maganar gida. Amma ku lura da yadda ake shigo da jaruma. Sau da yawa fara ce tas, mai dogon hanci, mai gashi har gadon baya, sai an tabbatar mana cewa kakarta Balarabiya ce ko Bafulatana ko Buzuwa. Baƙa gajera mai faɗin hanci kuwa an tanadar mata aikin 'yar aiki, ko muguwar kishiya, ko abar dariya daga ƙauye. Ko da aka ba baƙar yarinya jarumta, sai an yi mata uzuri, a ce baƙa ce amma kyakkyawa. Wannan “amma” ta ishe mu shaida. In kuma ta auri mai kuɗi, cikin shafi ashirin hutu da sanyin na'ura sun sa fatarta ta yi haske, kamar dai baƙi wani datti ne na talauci da arziki ke wankewa. Kannywood ma ta daɗe a kan wannan layi wajen zaɓen fuska.

Abin bai tsaya a takarda ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man bilicin. Ba littafi kaɗai ya jawo wannan ba, amma yarinyar da ta karanta labari hamsin ba ta ga mai kama da ita an so ta ba, ta riga ta fahimci saƙon. A ɓangaren aure kuma, na san wani abokina da aka fasa ba shi mata bayan an sa rana, don masu binciken asali sun dawo da labarin cewa kakan kakansa bawa ne. Baffan yarinyar da ya yanke hukuncin, na san shi da zafin kare Musulmin Rohingya da baƙaƙen Amurka a Facebook.

Akwai hujjoji biyu da ake kawowa, kuma kowace tana da ƙamshin gaskiya. Ta farko: wariyar Turawa ta zo da jirgin ruwa da bindiga da doka da 'yan sanda, gwiwar da ta danne wuyan George Floyd a Minneapolis a 2020 gwiwar hukuma ce, don haka ba daidai ba ne a haɗa ta da zagin gidan ƙwallo. Gaskiya ne nauyinsu ba ɗaya ba ne. Amma ƙarfi yana bin wuri. A gidan kallon nan na Jega babu Bature ko ɗaya, mai ƙarfi shi ne wanda ya biya kuɗin kujera, mara ƙarfi shi ne yaron da ke ɗauke da bokiti. Kuma tamu ma ta taɓa zama doka, har yau ba ta gama mutuwa ba. A 2008 kotun ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12. Wannan a maƙwabtanmu ne, a yankin da ake jin Hausa.

Ta biyu: ai mu ma ana yi mana. Ana yi. Kalmar aboki ta zama zagi a bakin wasu a Legas, kuma a watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bisa zargin da kamanninsu da yarensu suka ƙarfafa. Fushinmu a kan wannan halal ne. Sai dai wanda ya san zafin a yanke masa hukunci da fuskarsa, shi ya fi cancanta ya tsawatar in ana kallon kowane Bafulatani mai tallan nono a matsayin ɗan bindiga, ko in ana kiran Badakkare arne a wurin da ya kamata a kira sunansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba ina cewa mu daina kukan abin da ake yi wa baƙar fata a Turai ko Libiya sai mun gyara gida ba. Masu cewa haka yawanci shiru suke so a yi a duka wuraren. A kasuwar albasa ta Aliero, in aka kama mutum yana saye da babban buhu yana sayarwa da ƙarami, ba a hana shi ciniki, buhu ɗaya ake tilasta masa.

Don haka roƙona ga marubutanmu ƙarami ne. Shaihu Umar ya bar ƙofa a buɗe tun 1934: akwai wata uwa a ƙasar Gwari da ta dawo daga rafi ta tarar an kwashe 'ya'yanta, kuma har yau ba ta samu marubuci ba. Ga malaman Hausa kuma, in an zo babin harin, a dakata a tambayi ɗalibai su wane ne aka kamo. Ni dai na koma gidan kallon bayan mako biyu, na sayi ruwa a hannun yaron, na tambaye shi sunansa. Ya faɗa mini, yana kallona da mamaki, kamar yana jiran ya ji laifin da ya yi.