Masu Teburin Mai Yara da Ƙananan Abokan Cinikinsu

Mai tebur a Mai Yara, cikin yankin Dakoro na jihar Maradi, shi ne ɗan kasuwar farko da yaro yake sani. Kayansa ba su da yawa: ƙullin sukari da na gishiri, dunƙulen Maggi, ashana, sabulu, ganyen shayi, sai kwalbar alawa da yake turawa can tsakiya, inda gajeren hannu ba ya kai.

Galibi uwa tana gida kan daka ko girki, sai ta aiki 'yar raino. Ƙanen da bai daɗe da fara tafiya ba kuwa ya ce ƙafarsa ƙafarta. Tafiyar minti biyar takan ci rabin awa: ya bi ɗan akuya, ya tsugunna ya dumbuji rairayi, ya ƙi goyo, ya ƙi a riƙe masa hannu.

Haƙurin da ya cancanci jinjina a bakin tebur ake ganinsa. Yaro ya miƙa dala biyar, wato sefa 25, duk ta jiƙe da gumin tafinsa. Mai tebur ya karɓa kamar wani babban ciniki, ya ce, "Alhaji ƙarami, me za a ba ka?" Yana ƙirga canji, yana lura da yatsun da ke laluben ashana. In kuka ya ɓarke, ya kashe shi da gyaran alawa guda. In yayar ta manta saƙo, ya san gidan, ya san abin da suka saba saye. Da damina kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yakan ba da sukarin bashi sai an yanke gero.