Bakin Uba da Ƙafar Uwa: Wahalar Iyali cikin Ƙagaggun Labarai Uku na Hausa

1. Gabatarwa

Ɗaliban da suka fara sanin adabi ta hanyar Faransanci sukan yi wa ƙagaggun labaran Hausa wani ƙorafi, wai iyayen da ke cikinsu ba su da taushin zuciya. Wanda ya karanta L'Enfant noir na Kamara Lay (1953), inda ɗa ya buɗe littafinsa da waƙar bege ga mahaifiyarsa, in ya waiwayo ga namu sai ya ga kamar an ɗaure wa kowa baki. A ganinmu wannan neman abu ne inda ba a ajiye shi ba. A al'ummar da uwa ke jin nauyin kiran sunan ɗanta na fari, har ta yi kamar ba ta damu da shi ba a gaban mutane, ba a bakinta za a nemi ƙauna ba.

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba littattafai uku: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, waɗanda suka fito daga Zariya bayan gasar 1933, sai kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (Kano, 1990). Ma'aunin da za mu yi aiki da shi daga ilimin harshe muka aro shi. Tun 1962 Ostin, masanin falsafa na Ingila, ya nuna cewa akwai furucin da faɗinsa shi ne aikata shi. Za mu kira shi furucin zartarwa. Misalinsa a Hausa shi ne "na sake ki", ko "na ba ka ita", ko "na yafe maka". Tambayarmu ita ce: a cikin labaran nan, wa ke riƙe da irin wannan furuci, wa kuma ke ɗaukar nauyin abin da ya haifar?

2. Shaihu Umar: uwar da ta bi sawu

Umar maraya ne, kuma Makau, mijin uwarsa, shi ya tsaya masa a matsayin uba. Gidan bai watse don yunwa ko ciwo ba. Mahassada ne suka kai sara, sarki ya yi furuci, aka kori Makau daga gari. Daga wannan kalma guda sauran masifu suka biyo baya: aka sace yaron, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka tafi da shi Masar.

Abin lura shi ne irin aikatau da ke rataye da uwar daga nan har ƙarshenta. Kusan duk na motsi ne da na jurewa: ta fita, ta tambaya, ta bi, aka yaudare ta, aka bautar da ita, ta ƙetare hamada tana baiwa. Marubucin bai ba ta doguwar magana ta bayyana zuciyarta ba. Tsawon hanyar da ta ci shi ne ma'aunin ƙaunarta, kuma da ta sadu da ɗanta ba ta daɗe ba ta rasu, kamar neman ne kawai ke riƙe da ranta. Mai karatun da ya ce wannan sanyin zuciya ne bai karanta ƙafafunta ba.

Sai dai a nan ne kuma raunin littafin yake. Da yake Shaihu ne ke ba almajiransa labari bayan ya tsufa ya natsu, komai ya zo a lulluɓe da haƙuri da ƙaddara. Ɗan ya fita daga bauta da ilimi da daraja, uwar ta fita da likkafani, kuma labarin bai tsaya ya auna wannan rabo ba.

3. Jiki Magayi: ɗa a matsayin fansa

A nan uba yana raye, yana da dukiya, haihuwa ce ya rasa. Malam Shaihu ya sa ƙarfin arzikinsa ya auri Zainabu, wadda Abubakar ke so. Abubakar ya yi alwashin ramuwa, alwashi kuwa shi ma furucin zartarwa ne. Ya shiga duniya neman asiri, asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa. Yaron ya tashi ɓarawo, daga baya ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba.

Maza biyu ne ke jayayya, amma a jikin yaro suka yi ta. Sunan Kyauta kansa ya nuna yadda aka ɗauke shi: abin da aka ba wani, wanda kuma ana iya ɓata shi don a ƙona ran mai shi. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Littafin ya kai wannan karin magana iyaka, domin ruɓaɓɓen hannun ne ya juyo ya kashe mai shi. Ita kuwa Zainabu, wadda a kanta aka fara rigimar, ba ta da furucin da zai tsayar da ita.

4. Alhaki Kuykuyo Ne: tukunya da takardar saki

Bayan shekara hamsin da ƴan kai, mace ta karɓi alƙalami, sai aikin uwa ya fito fili dalla-dalla. Rabi tana da ƴaƴa tara. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, yana ƙuntata mata cefane, ya auro Delu, sannan ya kore ta da ƴaƴanta. Balaraba ba ta ɓoye lissafi ba: kuɗin abinci, kuɗin makaranta, kayan auren Saudatu. Rabi ta kama sayar da abinci, gida ya tsaya da ƙafarsa ba tare da maigida ba.

Wannan ne ya sa ƙarshen littafin ke da ɗaci. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sai maza na dangi suka matsa wa Rabi ta koma. Furuci ne ya fitar da ita, furuci ne ya mayar da ita, kuma ba daga bakinta ko ɗaya ya fito ba. Akwai masu ganin marubuciyar ta ja da baya a nan. Mu muna ganin gaskiya ta faɗa. In aka kwatanta da Ramatulay ta Une si longue lettre na Mariyama Ba (1979), wadda ta ƙi masu neman aurenta bayan rasuwar mijinta kuma ƙin nata ya zauna, za a tarar ba ƙarfin hali ya raba su ba. Ramatulay malamar makaranta ce mai albashi. Rabi kuwa "a'a" ɗinta ba ya zartarwa, domin babu wanda ya amince mata da wannan iko.

Kada a ɗauka uwa ba ta da baki ko kaɗan. Albarkarta da fushinta suna kama ɗa, kowa kuma yana tsoron bakin uwa. Amma ikon nan a kan ɗa ya tsaya, bai kai ga ɗaurin aure da saki da kora ba, su ne kuwa ke gina gida su rushe shi.

5. Kammalawa

Mun ga cewa a littattafan uku furucin namiji ne ke jawo wahala, jikin uwa da na ɗa ne ke biya. Muna ba malamai shawara su sa ɗalibai su ja layi biyu, su jera furucin zartarwa a ɗaya, aikatau na motsi da na aiki a ɗayan, su ga sunan wa ke faɗowa a ina. Wannan ya ƙara zama wajibi tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, bayan tafiyar da aka faro da makarantar gwaji ta Damagaram a 1973.

Akwai kuma giɓi. A duk ukun, mugun mutum ne sanadin watsewar gida. Amma iyalan Maraɗi da Tawa da Damagaram sun san wahalar da ba ta fito daga bakin kowa ba: farin 1973 da na 1984 da yunwar 2005, lokacin da rumbu ya ƙare, uba ya tafi cin rani ba don ƙiyayya ba, uwa ta shiga daji neman anza da jiga. Mahamadu Halilu Sabbo ya bi masu tafiya gaɓar teku a Abboki (1978), da Faransanci. Uban da ya yi shiru don ba shi da abin faɗa, da uwar da ta zauna da yara tana jiran saƙo, ba su cikin littattafan da muka duba. Marubutanmu na Hausa su ne suka fi kowa kusa da su.