Gidan Brigham Young: Nazari Kan Auren Mace Fiye da Ɗaya a Cocin Mormon

Bahaushe ya san zaman kishiyoyi ciki da bai, don haka idan ya ji cewa wasu Kiristocin Amurka sun taɓa tara mata, zai ɗauka abu ɗaya ne da nasa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Rayuwar Brigham Young, shugaban Cocin Mormon na biyu, ta nuna al'adar da aka gina kan aƙida, aka bar mata ba su da madafa a gaban shari'a.

An haifi Young a jihar Vermont a 1801, kafinta ne kafin ya bi Joseph Smith, wanda ya kafa cocin a 1830. A garin Nauvoo Smith ya fara koya wa makusantansa auren mace fiye da ɗaya a asirce, yana cewa umarnin Allah ne, irin na Ibrahim da Yakubu. A koyarwarsa, igiyar da aka ɗaura a haka ba ta tsinkewa ko bayan mutuwa. Young ya faɗa daga baya cewa da ya fara jin batun, sai da ya yi fatan kabari. Duk da haka ya ƙara aure a 1842. Sai a 1852, bayan kashe Smith a 1844 da ƙaurar mabiya zuwa Utah, aka yi shelar al'adar a fili. Shekara goma mata suna ɓoye aurensu.

Young ya auri mata fiye da 50, sha shida daga cikinsu suka haifa masa 'ya'ya fiye da 50. Wasu zawarawa ne da ya ɗauki nauyin ci da shansu, har da matan da Smith ya bari. A 1856 ya gina Lion House a birnin Salt Lake, inda da yawansu suka zauna, kowacce da ɗakinta. Adalci ne a faɗi cewa akwai matan da suka rungumi tsarin da zuciya ɗaya. Eliza Snow, marubuciya kuma jagorar ƙungiyar matan cocin, ta kare shi a bainar jama'a.

Sai dai shari'ar Ann Eliza Webb, ɗaya daga cikin matansa, ta tona raunin ginin. A 1873 ta kai Young kotu tana neman saki da kuɗin ciyarwa. Mene ne kariyarsa? Cewa ya yi a dokar Amurka ita ba matarsa ba ce, tunda uwargidansa Mary Ann Angell tana raye. Alƙali ya umarce shi ya biya ta dala 500 duk wata, ya ƙi biyan kuɗin lauyoyinta, aka tsare shi kwana ɗaya a 1875. Daga ƙarshe kotu ta ce babu aure tun asali. Macen da coci ya ce an ɗaura mata igiya har lahira, a duniya ta tashi a tutar babu. A Musulunci, iyakar mata huɗu, sadaki, rabon kwana da gado duk haƙƙoƙi ne da alƙali zai iya ƙwatar wa mace. Amaryar Utah ba ta da kotun tarayya da ta san da aurenta.

Young ya rasu a 1877. Gwamnatin Amurka ta matsa lamba: Kotun Ƙoli ta tabbatar da haramcin auren mace fiye da ɗaya a 1879, dokar 1887 ta ƙwace dukiyar cocin, ta kuma hana matan Utah jefa ƙuri'a. A 1890 shugaban cocin Wilford Woodruff ya sanar da dainawa, Utah ta zama jiha a 1896. Maza suka kawo al'adar, maza suka janye ta, mata da 'ya'yansu suka kwana a ciki. Duk auren da aka fara a ɓoye, ba iyaka, ba haƙƙin da mace za ta iya nema a gaban alƙali, ita ce za ta biya kuɗinsa.